Naman da Babu Nama a Cikinsa

Sanyi ya sauka a Paris ranar Talata. Da na dawo daga aiki na tarar matata ta ɓare wa yara lemu, ta jera ɓawon a kan ƙarfen ɗumama ɗaki. Ƙamshi ya cika ko'ina. Na ce ta kwashe. Ta tambaye ni dalili, na ce kaina ke ciwo. Kaina lafiya lau. Ƙamshin ne ya mayar da ni Lyon, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar sanyin Turawa, ya haɗu da shirinsu na Nowel, wato Kirsimeti.

A lokacin ba ni da takardu, ba ni da ɗaki. Na baro Damagaram, na ratsa hamada, na yi ɗaukar bulo a Libiya, na ƙetaro ruwa. Ba wannan labarin zan bayar ba. A tashar jirgin ƙasa ta Lyon nake kwana, a kan kwali, tsakanin mashaya. A nan Malam Habu ya tsince ni. Ya ji na yi tuntuɓe na ce "wash", ya juyo.

"Kai ɗan ina ne?"

"Damagaram."

"Tashi mu tahi."

Mutumin Tawa ne, ya girme ni da shekara goma sha biyar. Yana wanke manyan tankuna a wani izin, wato masana'anta, da ke Saint-Fons, unguwar masana'antu. Yana da ɗaki a gidan ma'aikata marasa iyali, wanda muke kira fuwaye. Dokar gidan mutum ɗaya a ɗaki. Ya shimfiɗa mani tabarma ƙarƙashin taga, ya ba ni rigar sanyinsa ta biyu. Da an kama shi da sun kore shi. Bai taɓa faɗa mani haka ba, a bakin wasu na ji.

Sau ɗaya ya ba ni labarin kansa, yana yanka albasa, bai dube ni ba.

"Ilu, shekara goma sha ɗaya na yi cikin kwalba. Mata ta tahi. Ɗiyata ba ta san muryata ba. Yau shekara bakwai ban taɓa ba."

Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Amma na ga yadda yake rayuwa. In muka doshi ƙofar mashaya sai ya tsallaka titi. Ba ya shafa turaren kwalba, sai na wuta. Ko maganin tari likita ya rubuta masa, ba zai kai bakinsa ba sai wani ɗalibi ya karanta masa abin da ke ciki.

Azumin sanyi gajere ne. Kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, in ma ta fito. Waɗanda ke gida suna jin haka sai su ce mun samu sauƙi. A gida ƙishirwa ce ke wahalar da mai azumi. A Saint-Fons babu ƙishirwa, yunwa ce da sanyi, kuma sanyin yana shiga ciki ya cinye sahur ɗin kafin hantsi. Hazo yakan taso daga kogi ya haɗu da hayaƙin izin, ya zauna a kan unguwar kwana da kwanaki, yana wari kamar an ƙona roba. Ruwan famfo na alwala kamar reza. Yatsuna sun tsattsage. Ina cusa takardar jarida cikin takalmi, kafin in kai tashar bis ta jiƙe.

A kicin ɗin ƙasa muke buɗa baki, mu kusan goma sha biyar. Ma'aikata, da ɗalibai 'yan Nijar da ke zuwa daga Villeurbanne saboda kewar tuwo. Kowa na kawo wani abu. Wannan dabino, wannan shinkafa, wancan madarar kunu. Malam Habu ke kaɗa miyar kuka. Ni na riga na yi azumi guda a wurin ban kawo ko gishiri ba. Ba wanda ya yi mani gori. Sai dai ba su san sunana ba, "baƙon Malam Habu" suke cewa. A bakin ƙofa nake zama, in ci, in wanke tukwane.

Gab da azumi na biyu na samu aiki wurin wata tsohuwa, Madam Doroti. 'Yar Ingila ce, mijinta injiniya ne a Lyon, ya mutu ya bar ta a gida mai hawa biyu. Sau uku a mako ina goge ƙasa, in wanke tagogi, in ɗauko mata sayayya. Hannuwanta na rawa. Faransancinta a karye, nawa a karye, muna fahimtar juna.

Ranar farko ta azumi ta kira ni kicin. Ta ce lokacin gato ɗin ƙasarsu, wato kek ɗin Nowel, ya yi, kuma hannunta ba ya iya murza ƙullu. Ta nuna mani. Fulawa, man shanu mai sanyi, sukari, ƙwai ɗaya. A murje da yatsu har ya zama kamar tsaki, a dunƙule, a bar shi ya huta a firji. Sannan a shimfiɗa, a yanka da bakin kofi. Ta sauko da wani tulu na gilashi daga saman kabad. Abin da ke ciki baƙi ne, mai danƙo, yana ƙyalli. Cokali ɗaya a tsakiyar kowane fai-fai, a rufe da wani, a danne gefe da cokali mai yatsu. Ta zura su a fur, murhun gashi.

Ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba, kuma da azumi a bakina. Ɓawon lemu, kirfa, kanumfari, man shanu yana soyuwa. Gilashin taga ya yi gumi.

Ta miƙo mani ɗaya, na ce ina azumi. Ta ce ayya. Ta ɗauko gwangwani mai hoton wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, ta cika shi, ta ce in kai wa 'yan uwana. Na tambayi sunan abin. Ta faɗa sau uku ina maimaitawa. Minsimit.

Ranar akwai Alhaji Nasiru a kicin ɗin, wani ɗan kasuwa Bakano da ke zuwa sayen kayan mota. Shi kaɗai ke jin Ingilishi a cikinmu. Tunda ya ji ni Badamagare ne ba ya raga mani. Na ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma, na buɗe.

"Yau kuma Badamagare ne da kawo abinci? Duniya ta zo ƙarshe. Mene ne wannan?"

"Minsimit."

Hannunsa ya tsaya a sama. "Ka san me ka faɗa? Niƙaƙƙen nama ke nan da Turanci. Naman wa? Wa ya yanka?"

Kowa ya janye hannu. Wani ɗalibi, Mutari, ya ɓare ɗaya ya kai kusa da fitila yana dubawa kamar a ɗakin gwaji.

"Kai ka ga tsohuwar ta yi bisimilla?" in ji Alhaji. "Ko alade ka kwaso mana, Badamagare, mu buɗe baki da shi?"

Aka yi dariya. Na rufe gwangwanin. Na koma bakin ƙofa.

Washegari ba ranar aikina ba ce, amma na tafi. Na tsaya a bakin ƙofarta na tambaye ta naman mene ne a ciki. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce babu nama, suna ne kawai ya rage tun zamanin kakanni. Ta lissafa mani da yatsu: zabibi, tuffa, ɓawon lemu, sukari, kayan ƙamshi. Na tambayi kitse. Ta ce wasu na sa kitsen sa, ita man shanu take sawa. Na tambayi alade, ta ce ko kusa. Nama na tambaya, nama ta amsa. Ban tambayi wani abu ba.

Da yamma na kai masu labari. Alhaji ya girgiza kai.

"Turawa ke nan. Nama babu nama. To kai daga yau sunanka Mai Nama."

Ya ɗauka, kowa ya ɗauka. Malam Habu ne ƙarshe. Ya ci dabino, ya kurɓi ruwa, ya gatsa. Sai ya daina tauna. Ya rufe ido, ya daɗe. Na zaci daɗi ne ya kama shi.

"Ƙaro mani ɗaya," ya ce.

Daga nan komai ya canja mani. Madam Doroti ta ji daɗin an so gato ɗin ƙasarsu, duk ranar aiki muna gasa abin da zai kai kwana biyu. In na shigo kicin ɗin fuwaye da gwangwani a hammata sai a matsa a ba ni wuri a tsakiya. Ɗalibai masu digiri suna ce mani Mai Nama, suna tambayar yaya sanyi, yaya aiki. Wani ya karɓe mani wankin tukwane. Wanda bai taɓa zama a bakin ƙofa ba ba zai san girman wannan ba.

Ranar tara ga azumi tulun ya ƙare. Ta ce mu haɗa sabo. Na yanka tuffa, na kankare ɓawon lemu, na zuba zabibi da sukari a tukunya, ina juyawa a kan ƙaramar wuta. Da ya huce ta buɗe kabad ɗin falo ta ɗauko wata kwalba mai ruwa ja-ja-ja. Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko, ba na karanta abin da ke jikin kwalba. Ba na bukata. Na yi watanni ina kwana cikin wannan warin a tasha.

Ta tsiyaya, ba kaɗan ba. Ta ce in juya.

"Madam, tulun farko ma akwai wannan?"

"Kowanne akwai. Shi ke hana shi lalacewa. Wuta na ƙone yawancinsa." Ta dube ni. "Akwai matsala, Ilu?"

Mace ce mai kirki. Da na ce akwai, da ta mayar da kwalbar ta matse lemu a madadinta. Na san haka a lokacin, ba yanzu na gano ba.

Na ce, "Babu."

Na juya.

A tashar bis akwai kwandon shara. Na tsaya a gabansa da gwangwani, ruwa mai haɗe da ƙanƙara na dukan wuyana. Bis ɗaya ta wuce. Na yi lissafi. In na zubar za su tambaya. In na canja haɗin za su ji a bakinsu, su tambaya. In na faɗi gaskiya, mutum goma sha biyar za su san kwana bakwai suna buɗa baki da giya, kuma Badamagaren da ba ya karatu ne ya kawo. Alhaji zai ba da labarin har Kano. Na ce wa kaina wuta ta ƙone shi. Na ce wa kaina wanda bai sani ba ba shi da laifi. Na tuna Malam Habu da kwalbar maganin tari a hannu yana jiran mai karanta masa. Na tuna, ban manta ba. Bis ta biyu ta zo, na shiga.

Haka muka ƙarasa watan. Sauran ba su gane komai ba, ba su taɓa sha ba balle su san ɗanɗanonsa. Shi nake kallo. Ya fara ware guda biyu a takarda, wai na sahur. Daga baya huɗu. Wata asuba na buɗe ido na gan shi tsaye da gwangwanin, babu komai a ciki, ya kafa hanci yana shaƙa. Na rufe ido na yi kamar ina barci. Ya daina tsallaka titi a ƙofar mashaya. Yakan wuce a hankali, kansa a ƙasa.

Ranar Sallah ya rungume ni a filin idi ya ce, "Bana ka ciyar da mu, ƙanena. Allah ya saka." Na ce amin.

Bayan Nowel Madam Doroti ta wanke tulun ta kife. Ta ce sai baɗi. Ta bar mani gwangwanin.

Mako uku bayan nan Malam Habu ya dawo daga aiki da wari a bakinsa. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Na ɗora masa shayi. Kafin ganye ya fito a itatuwa ya fara fashin aiki. Aikin tanki ba ya son hannu mai rawa, suka sallame shi. Ɗaki ya bi aiki. Ranar da mai gadi ya zo karɓar makulli ni na riga na ɗaure jakata. Wani ya yi mani hanyar wankin kwanoni a Paris. Na bar Malam Habu zaune a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce zan kira. Ban kira ba.

Paris ta karɓe ni. Na samu takardu, na tashi daga wanki na koma gaban tukunya a wani ƙaramin gidan abinci a Belleville, na yi aure. Azumi ya yi ta ja baya har ya koma bazara, rana doguwa, zafin kicin, ƙishirwa irin ta gida. Na fi son haka. Yaran yanzu in sun ɗauki abu a kanti waya suke nuna masa ta faɗa masu abin da ke ciki. Ɗana na fari ke karanta mani.

Shekara goma sha uku da barina Lyon, cikin sanyi, wani mutum mai kwat ya leƙo kicin ya ce, "Mai Nama?" Mutari ne, ya zama injiniya, ya yi tumbi. Muka gaisa. Shi ya faɗa mani Malam Habu na Paris, wurin ɗan 'yar uwarsa, tasha huɗu daga inda nake a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ya sake barin giya, shekara huɗu ke nan. Amma hanta ta riga ta tafi.

Kwana shida ina juyi. Ranar Lahadi da safe, kafin a buɗe, na kunna fur ɗin wurin aiki. Hannuna bai manta ba. Fulawa, man shanu, zabibi, tuffa, kirfa. Inda kwalba take shiga na matse lemu uku. Na cika gwangwanin mai tsuntsu. Na shirya maganata tun daga metro, na san ta inda zan fara.

Yana zaune kusa da taga da bargo a ƙafa. Ya rame, idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Ya gane ni nan take.

"Ilu. Ka tsufa."

"Yaya Habu, ina wuni. Yaya jiki?"

"Jiki ga shi nan. Yaya iyali? An ce mani ka yi 'ya'ya."

"Uku."

"Madalla. Har yanzu ba ka karatu?"

"Kaɗan-kaɗan."

Ya yi murmushi. Sai idonsa ya sauka kan gwangwanin. Murmushin ya tafi. Na buɗe na miƙa masa. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya gatsa, ya tauna a hankali da haƙoran da suka rage. Na buɗe baki zan fara, ya riga ni.

"Babu shi a ciki."

Maganar da na shirya ta watse.

"Tun cizon farko na sani," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya, kana tsammani harshena zai manta? Na sani, na ce ƙaro mani. Wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Ni na yi shiru don kada ka daina kawowa."

Ya ajiye ragowar a kan bargo.

"Abu ɗaya nake so in tambaye ka. Na kwana a titi, na kwana asibiti, ina ce wa kaina yaron nan ba ya karatu, tsohuwa ta ba shi abu ya kawo da zuciya ɗaya. Yanzu ka zo da wanda babu shi a ciki." Ya dube ni. "Yaushe ka sani?"

Ya bar mani ƙofa. Zan iya cewa daga baya ne, a Paris, wani ya faɗa mani. Da ya yarda, don yana so ya yarda.

"Ranar tara ga azumi," na ce. "Ni na juya tukunyar."

Na ga leɓɓansa na motsi, yatsunsa na tafiya a kan bargo kamar mai jan carbi.

"Kwana ashirin da ɗaya," ya ce.

"I."

"Kana kwance ƙarƙashin tagata."

"I."

Ƙarfen ɗumama ɗakin na ƙwas-ƙwas. A waje mutane na wucewa da itacen Nowel a kafaɗa. Ya ɗauki ragowar gato ɗin ya cinye, ya kakkaɓe bargon. Ya rufe gwangwanin da kansa, ya turo mani.

"Kai wa yaranka. Wannan halal ne."

Na tashi. A bakin ƙofa na tsaya.

"Yaya Habu, ka yafe mani."

Mu in an ce mana haka amsar a bakinmu take. Ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ko maƙiyi ana faɗa masa. Na tsaya ina jira.

Ya juya wajen taga.

"Na ji," ya ce.

Ya rasu kafin sanyin ya fita. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya. Gwangwanin na saman kabad, matata na zuba zare da allura a ciki. Shekara huɗu ina juya kalmar nan biyu, in sa ta nan, in sa ta can, ba ta zama "na yafe" ba.

Ranar Talata matata ta kwashe ɓawon lemun ta zuba a shara kamar yadda na ce. Yau Juma'a. Ƙamshin na nan a labule.